Ranar da Kaka Ta Turara Jakar Waliu

Sallama gare ku, masu bin wannan shafi. Waɗanda suka cika mini waya da saƙo cewa in rabu da mai keke in nemi mai mota, na gani, na gode. Duk wadda take da mai motar a ajiye ta turo shi. A Kwaciri muke, gida mai koren ƙyaure, kowa ya sani.

Ga wanda yau ya fara shigowa kuwa, sunana Ruwaida Ari. Ina aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi a Titin Ibrahim Taiwo, inda nake tura mutane ƙasashen da ban taɓa gani ba. Asalinmu Borno ne, amma a Fagge aka haifi Baba, a kasuwar Kwari yake sayar da yadi. Mahaifiyata ta rasu ban gama sanin fuskarta ba, don haka Kaka Falmata, wadda ta haifi Baba, ita ta raine ni. A gidanmu Baba ne mai gida. Kaka ce mai Baba.

Shi kuma wanda ake rigimar a kansa sunansa Waliu Kazeem. Bayarabe ne haihuwar Sabon Gari, yana zaman shagon kayan famfo na gidansu, Hausarsa ta fi tawa kaifi idan ana faɗa da mai adaidaita. Yana salla a kan lokaci, ba ya shan komai, ba ya kallon ƙawayena. Laifinsa ɗaya ne, kuma yana da taya biyu.

Keke ne na hawa dutse, mai batir. Tayoyinsa kauri kamar na babur, baƙi ne wuluk, da ɗan allo a kan hannu mai nuna lambobi. Keken hawa dutse fa, a garin da dutsensa mafi suna tuni aka yi masa matakala. Na taɓa faɗa masa haka, ya yi kwana bai kira ni ba.

Ku ji yadda ake kula da shi. Akwai burushin haƙori na sarƙar keken kaɗai. Akwai man da ake ɗiga mata ɗigo-ɗigo kamar maganin ido. Ba a kai shi wurin wankin mota, wai ruwan tiyo mai ƙarfi yana kutsawa cikin injin. Da soso da bokiti ake masa wanka, a goge, a bar shi ya huta a inuwa. Mai gyaran keke na bakin layinsu ya ce shi ba ya taɓa abu mai waya. Mai gyaran babur ya ce shi ba ya taɓa abu mai feda. Sai Waliu ya zama likitan kekensa, yana zama da waya a hannu yana kallon wani Bature mai gemu yana kwance birki a garejinsa, shi ma yana kwance nasa, kullum kuma sai wata 'yar ƙusa ta yi saura.

Duk wannan wasa ne idan aka zo kan batirin. Dogo ne kamar ƙaramin filas, da mukulli ake zare shi daga jikin keken. Ba a barinsa a rana. Ba a barinsa ya ƙare ƙarƙaf, ba a kuma cika shi dam. Ba a ba shi wutar janareta, wai tana rawa. Wutar layi kuwa kun san halinta, baƙuwa ce mai zuwa ba sallama ta tafi ba bankwana. Sai sola kaɗai batirin Waliu yake ci.

Mu kuma muna da sola. Akwai soket ɗaya a zaurenmu, daidai inda ake shimfiɗa wa baƙo tabarma.

Ban lura da komai ba da farko. Zai zo ranar Lahadi bayan la'asar, ya jingine keken, ya zare batirin, ya ce, "Ranki ya daɗe, ko zan iya ɗan jona wannan?" Sai ya jona, ɗan haske ja ya kama a jikin cajar, mu shiga hira. Kaka ce ta fara gani, ita da idonta ɗaya ma sai da tabarau.

"Ruwaida," in ji ta wata rana tana tsince shinkafa, "yaron nan naki, in abin nan ya koma kore me yake yi?"

"Wane abu, Kaka?"

"Kar ki mai da ni yarinya. Fitilar."

Na tuna baya. Wallahi kuwa. Duk inda hira ta kai, ko da a tsakiyar kalmar so ne, da hasken ya koma kore sai Waliu ya dubi agogo ya ce kar ya cika ni da surutu.

"To," in ji Kaka. "Ni dai a zamanina in saurayi ya zo, goro yake kawowa. Wannan shi zuwa yake ya sha ya tafi."

Daga ranar ba ta ƙara kiran sunansa ba. Mai Shan Wuta ya zama. In ya leƙa ya gaishe ta daga bakin ƙofa, sai ta amsa wa bango.

Abokan hawansa ma ba su taimaka ba. Suna da ƙungiya, duk safiyar Lahadi su fita bayan gari wajen Panisau, inda masu haƙar ƙasa suka bar ramuka da tudu, su yi ta hawa da gangarowa har rana ta yi zafi. Manyan mutane fa, wasu da 'ya'ya. Wata rana suka biyo ta layinmu neman ruwan sanyi, su da yawa, cikin matsattsun kaya masu ƙyalli. Kaka ta leƙo ta taga ta yi salati ta saki labule.

Shugabansu wani Samuel ne, dogo siriri, ƙwaurinsa kamar taɓarya. Kekensa ba shi da batir, kuma ba ya bari ka yi minti ɗaya ba ka san haka ba.

"Madam," ya ce mini yana karɓar kofi, "ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan abin na mutuminki ba keke ba ne. Babur ne mai jin kunya."

"Sai na taka yake tafiya!" in ji Waliu. "Taimako kawai yake yi."

"Ni ma sai na danna lifta take hawa da ni bene. Ban taɓa cewa na motsa jiki ba."

Suka kwashe da dariya. Wani gajere daga baya ya ce shi dai in ya samu hali gobe zai saya, aka yi masa ihu kamar ya yi saɓo. Samuel ya nuna rigarsa da ta jiƙe sharkaf, ya nuna ta Waliu da ke bushe kamar yanzu aka ɗauko ta daga guga.

"Kin gani? Mu gumi muke zubarwa a kan tudun nan. Shi wani ne yake masa gumin, a cikin kwali."

Ni na san abin da Waliu bai faɗa ba: gwiwarsa ta hagu tun da ya karye a ƙwallo ba ta sake zama daidai ba, ba don batirin ba da daga bakin titi zai riƙa kallonsu suna wucewa. Na so in faɗa. Sai na tuna fitilar nan mai komawa kore, na bar shi ya sha.

Ranar Juma'ar da ta wuce Baba ya kira ni bayan ya dawo daga masallaci. Bai cire babbar rigarsa ba, alamar magana ce ta hukunci.

"Ruwaida, zaurena ba tashar caji ba ce. Mutane sun fara tambayata ko na buɗe sana'a. Lahadin nan in kakarki ta amince da yaron nan, ya turo manyansa. In ba ta amince ba, ya nemi wani soket. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Ni ba ni da matsala da shi," ya ƙara, yana kallon ƙofar ɗakin Kaka kamar mai tsoron a ji shi.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya.

*Lahadi kar ka zo da caja,* na rubuta.

Ya gani nan take. Ya fara rubutu, ya goge. Ya sake farawa, ya goge.

*Lafiya? Solar ce ta samu matsala?*

Ku dubi wannan tambaya, jama'a. Ba *ke ce kika samu matsala* ba. Solar.

*Solar lafiyarta ƙalau. Ni ce nake so in ga ko za ka iya zama da ni ba waya a bango.*

*Haba Ruwaida.*

*Haba Waliu.*

*To in na fita da safe batirin zai yi ƙasa sosai fa. Ba a son ya kwana a haka.*

*To ka zauna ka yi jinyarsa. Allah ya ba shi lafiya.*

Na kife wayar. Ta yi ƙara sau da yawa, ban duba ba sai da na gama ninke kayan da ba su buƙatar ninki. Saƙo na ƙarshe cewa ya yi: *Ba zan fita da safen ba. Zan zo. Ba caja.*

Ranar Lahadi na ɗauko lafayata ruwan zuma mai ƙananan furanni a gefe, wadda nake ajiye wa biki. Lallen hannuna bai gama dushewa ba. Na shafa humra a wuya da bayan kunne, na saka 'yan kunnen Kaka na azurfa ba tare da na tambaye ta ba. Ta gan su, ta ɗauke kai. Wannan a wurinta kusan albarka ce.

Ya iso bayan la'asar cikin kaftanin shadda ruwan toka, sabo fil, ga hular kwano a ka, ga ƙafar wandon dama an ɗaure da roba kar sarƙa ta ci. A bakin ƙofa ya cire hular kwanon, ya zaro hular zanna daga jakar goyonsa ya kafa, ya dube ni yana jiran yabo. Ban ba shi ba.

Rana tana faɗowa daidai inda yake jingine keken, don haka ya sa mukulli ya zare batirin kamar kullum. Ya tsaya riƙe da shi. Idonsa ya tafi kan soket da kansa, kamar yaron da aka hana nono. Sai ya buɗe jakar, ya tura batirin ciki tare da safar hannunsa da tsumman goge sarƙa, ya zuge, ya kai ta can inuwa, bakin ƙofar da ke shiga tsakar gida, ya ajiye. Ya dawo ya zauna a tabarma ya ba soket baya.

Shiru.

Ashe duk watannin nan batirin ne yake buɗe mana hira. Yau ba shi, sai muka zama kamar mutum biyu a layin asibiti.

"Ya aiki?" ya ce.

"Lafiya. Ya famfo?"

"Alhamdu lillahi."

Na zuba masa zoɓo. Ya sha, ya yaba, ya sake yabawa. Daga nan na gaji.

"Waliu, me ya sa da hasken ya koma kore kake tashi?"

Ya juya kofin a hannunsa. "Kin lura ashe."

"Kaka ta lura. Unguwa ta lura."

"Ni ban san yadda ake zuwa gidan mutane haka kawai ba, Ruwaida. A gidanmu in za ka je wuri, da dalili kake zuwa, in dalilin ya ƙare ka tashi. Ranar farko da na zo, sai na ga soket, na ce alhamdu lillahi, ga abin da zan ce ya kawo ni. In ya cika kuma sai in ga kamar kowa ya san ba ni da sauran hujjar zama."

"To ni fa? Ni ba hujja ba ce?"

"Ke ai ba a faɗarki a gaban Baba."

Magana ce mai daɗi, ban musa ba. Amma na sayar da tikiti ga maza da yawa masu cewa taro za su je, na san daɗin magana ba ya tsada. Ina shirin faɗa masa haka sai ƙamshi ya shigo zauren.

Na ajiye kofina.

Dole in tsaya in yi muku bayani. A gidanmu turaren wuta kala-kala ne. Akwai na kullum, akwai na baƙi. Sannan akwai wani a cikin tsohuwar kwalba a ƙasan akwatin Kaka, wanda ƙanwarta take haɗo mata daga Maiduguri, ba ya fitowa sai da babban dalili. Kaka ba ta cewa na yarda da kai, ba ta iya wannan maganar ba. In ta karɓi mutum, sai ta sa a ɗauko wani abu nasa, hula ko mayafi ko riga, ta turara shi da hannunta, ya tafi da ƙamshin gidanmu a jikinsa. Mijin yayata ya yi shekara yana jiran a taɓa hularsa.

Wannan ƙamshin na kwalbar ne.

"Waliu," na ce, "Kaka ta sauko. Ta leƙo ta ga ba waya a bango. Wani abu naka take turarawa!"

Ya yi murmushi har kunne. Ya taɓa hularsa, tana nan. Ya dubi takalminsa, suna nan. Sai murmushin ya fara zamewa. Muka juya tare muka dubi bakin ƙofar tsakar gida.

Babu jaka.

A ƙarƙashin ƙamshin sandal da hawi, can ƙasa-ƙasa, wani wari ya fara tasowa, irin na bokitin roba da aka manta kusa da murhu.

Saurayi ba ya shiga tsakar gidanmu. Waliu ya shiga. Ya dai yi sallama, amma sallamar tana bayansa yana gaba.

Ga Kaka a kan kujerarta 'yar tsugune, cikin lafaya fara, tana fifita da mafici. A gabanta ga kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kaskon garwashi a ɗora kaya su sha hayaƙi. An lulluɓe ta da tsohon zani don kar ƙamshin ya gudu. Nauyin jakar ya lotsa kwandon har ya kusa zama a kan wutar. Baba yana gefe a kan darduma da rediyonsa.

Kaka ta ɗaga kai ta dube shi. Shi fa, ba bango ba.

"A'a, angona ne da kansa? Zo, zo nan. Tsuguna in gan ka."

Jama'a, wata nawa yana jiran wannan kalma. Ya tsuguna.

"Ina wuni, Kaka."

"Lafiya lau. Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya mahaifiyarka?"

"Tana lafiya, Kaka." Idonsa yana kan zanin.

"Ya kasuwa? An ce kayan famfo kuke sayarwa."

"E, alhamdu lillahi. Kaka, jakar..."

"Ya zafin nan?"

"Da godiya. Kaka..."

"Ya mutanen Sabon Gari? Akwai wata Muinat mai sayar da atamfa, mun yi Makka tare, ko ka san ta?"

Gumi ya tsattsafo masa a goshi, karo na farko da na ga keken nan ya sa shi gumi. Kun san gaisuwar tsohuwa ba a yanke ta. Kun kuma san abin da zai faru in baƙo ya ce wa Kaka Falmata, a gaban ɗanta, a ranar da ta buɗe kwalbarta, cewa ta yi ɓarna. Ba za ta yi faɗa ba. Za ta rufe kwalbar ne kawai, ta koma amsa wa bango har ƙarshen rayuwarta.

"Jakar nan taka," in ji Kaka, "wari take kamar an yi dambe a ciki. Ga nauyi. Duwatsun da kuke hawa kake tarawa? Na ce yaron kirki ba zai riƙa yawo da wannan a bayansa ba."

"Na gode, Kaka, Allah ya saka. Ai ƙamshin ya isa haka, kar ki ƙarar da turarenki a kaina."

"Bai kama ba tukuna. Irin wannan sai ya jima."

Sai muka ji wani ɗan sauti daga ƙarƙashin zanin. Sssss. Kamar an ɗiga ruwa a kan dutsen guga.

Waliu ya miƙe. Bai yi gudu ba, wannan shi ne abin da ba zan manta ba. Ya ce, "Kaka, bari in kai ta ta sha iska, ƙamshi ya fi zama in ya huce." Ya yaye zanin, ya kama hannun jakar. Gindinta ya narke, yana zarar baƙin zare kamar alewa. Ya ratsa tsakar gida da ita a nesa da jikinsa, ya nufi lungun baya inda tulin yashin da ya rage daga gyaran katanga yake. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce, ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ni ba, "Shigar da Kaka ɗaki. Yanzu. Ke ma kar ki fito."

Na ce wa Kaka ta zo ta nuna mini inda ta ajiye ɗankwalina. Ta ce wane ɗankwali. Na ce kowanne. Na ja ta har bakin ƙofa, daga nan ta toge.

Ya zazzage jakar a kan yashin. Batirin ya kumbura a tsakiya kamar burodi. Ya ɗauki tsohon shebur ya yi ta zuba masa yashi, sabuwar shaddarsa tana shan ƙura. Ya ja da baya, ya tare hanya da hannu ganin Baba ya taso. Sai tulin ya yi wani tari, *fuf*, farin hayaƙi mai ɗaci ya huda yashin ya tashi sama. Ya sake yi. Kajin maƙwabta suka ɗauki kuka. Daga nan ya yi ta huci a hankali, har ya yi shiru.

Waliu ya tsaya a kansa da shebur a hannu. Na ga bayan yatsunsa na dama sun yi ja sun tashi. Mutumin da ba ya barin abin nan ya ga rana.

"Me ke nan?" in ji Kaka daga bakin ƙofa. "Me ya fashe?"

Baba ya kashe rediyo.

Waliu ya jingine shebur, ya karkaɗe rigarsa, ya dawo ya sake tsugunawa a gabanta, hannun daman a ɓoye a bayansa.

"Batirin keken ne, Kaka. Dama ya tsufa, kwanan nan yake ta ba ni wahala. Allah ne ya sa a nan zai mutu, ba a kan titi ina kai ba. Kin ga da ba ki ɗauko jakar ba, da a zaure zai yi wannan, kusa da Ruwaida."

Ya tsufa! Ranar da aka kawo masa shi hotonsa ya turo mini kafin ya turo mini gaisuwa.

Kaka ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. "To Allah ya tsare gaba," ta ce. Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙaramar kwalbar humra. "Ka kai wa mahaifiyarka."

Baba ne ya raka shi zaure da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ni ina biye da man shafawa na ƙuna.

"Waliu."

"Na'am, Baba."

"Na yi shekaru ina sayar da yadi, na san mai ƙarya tun daga yadda yake tsayuwa. Ba ka iya ba. Amma ka san inda ake yin ta. Ka ce wa manyanka ina jiransu."

Na zaci zai yi tsalle. Ya ce, "Na gode, Baba," cikin muryar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Ya bar ni na shafa masa man a yatsu. Ya ce kar kowa ya taɓa yashin, zai zo da wanda ya san yadda ake kwashe irin wannan. Ya cusa zannar a aljihu, ya kifa hular kwano, ya fitar da keken. Ramin batirin yana nan a buɗe a jikinsa kamar gurbin haƙori.

Ba batir, keken nan ya fi buhun siminti taurin kai. Na tsaya a ƙofa ina kallo ya taka, gwiwar hagun tana gardama, keken yana tafiya kamar an aike shi inda ba ya so. Bai waiwayo ba. Ban sani ba ko fushi ne, ko kuwa in ya waiwayo faɗuwa zai yi.

Na yi sallar magariba da waya kusa da darduma, Allah ya yafe mini. *Ka isa?* na rubuta. Ya gani. Shiru. Na ce shi ke nan, Ruwaida, kin samu amincewar Kaka kin rasa ango. Sai ga shi.

*Na isa. Wani mai adaidaita ya bi ni tun daga Fagge yana tambaya ko man ne ya ƙare.*

*Sannu. Ya hannun?*

*Hannun da sauƙi. Ruwaida, ban taɓa sanin akwai hawa tsakanin gidanku da namu ba.*

Yana ta rubutu.

*Mama ta shinshina humrar ta kira kawuna a waya. Ni kuma gobe in na tashi daga shago zan biyo. Ba ni da dalili. Ki tanadar mini ruwa kawai.*

Ina cikin karantawa a karo na ban san nawa ba, Kaka ta kira ni. Tana zaune a bakin gadonta, ta cire tabarau, kwalbar nan ta ƙasan akwati tana kan cinyarta.

"Rufe ƙofa. Abin nan da ya mutu a yashi, ni na kashe shi, ko?"

"Kaka, ai ya ce dama..."

"Na ji abin da ya ce. Ke nake tambaya."

Na sunkuyar da kai.

Ta juya kwalbar a hannunta. "Yana kallon tsakiyar idona ya yi mini ƙarya, hannunsa yana ƙuna a bayansa. Ya zaci ban gani ba. Kakanki, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai gaskiya. In gishiri ya yi yawa a miya sai ya faɗa, ko da gidan cike yake da baƙi. Har ya mutu bai taɓa barin ɗaya ta wuce ba."

Ta miƙa mini kwalbar in mayar cikin akwati.

"Kar ki gaya masa na sani. Yaushe zai dawo?"

"Gobe, Kaka."

"To ki rubuta masa ina gaishe shi. Ki ce ya zo da hular kawai."